Shekarar da Hajiya Fanna Ta 'Yanta Ni

Bulus, Hannatu, Istifanus, ku yi haƙuri da rubutun hannuna, ido ya fara gajiya. Na san maganar da ke yawo a tsakaninku, ko da ba a gabana kuke yin ta ba: wai Mama, bayan Allah ya fitar da ita, ta koma bauta da ƙafarta a cikin tsufanta. Ba gardama na zo yi da ku ba. Ina so ne ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta aikata shi, don rabin labarin ne ya iso muku. Sauran rabin ni kaɗai nake ɗauke da shi, yau fiye da shekara goma.

Kun san kakarku Kande, Innata, ta mutu ba yatsu a hannunta, kun san a Kara-Kara ta rene ni. Abin da ban cika ba ku labarinsa ba shi ne gidan da muka fito. A cikin Birni yake, gidan wani attajiri mai fataucin fatu, zaurensa uku. An kawo kakar Inna gidan nan a zamanin da ake kawo mutane kamar yadda ake kawo raƙuma, kuma ko da Nasara suka ce an daina, a cikin gidan ba a daina ba. Ba sarƙa, ba duka. Sai dai Inna ba ta hawa tabarma ɗaya da matan gida, ba ta sa hannu a abinci sai sun tashi, in an yi baƙi kuma a nuna ta a ce, wannan ta gida ce. Tana 'yar shekara goma aka ɗora mata jaririyar maigidan a baya, wata yarinya mai suna Fanna. Ita ta goya ta, ita ta yaye ta, ita ta yi mata kitson aure. Da aka kai Fanna ɗakin mijinta a can cikin Birnin, aka haɗa da Inna a cikin kayan ɗaki. A can aka haife ni, aka sa mini Talatu. Mahaifina mai ɗebo wa gidan ruwa ne, ya rasu ban yi wayo ba.

Ina 'yar shekara shida farin tabo ya fito wa Inna a kumatu da bayan hannu. Ta riƙa ɓoye shi da mayafi. Wata rana ta sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara ba ta ji komai ba, ƙaurin fatarta ne ya tona mata asiri. Kuturta ce. Har yau ina ganin Fanna tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, matashiya, kyakkyawa, ta toshe hanci da gefen zane, tana tura ƙwaryar abincin Inna da karan dawa.

"Ki tafi inda irinku suke zuwa," in ji ta. "Amma Talatu tamu ce, ki bar ta."

"To, uwar ɗakina," in ji Inna.

Da azahar ta yi, zafi ya kwantar da kowa, sai Inna ta kama wuyan hannuna muka fita ta ƙofar dabbobi. Ko zane na biyu ba mu ɗauka ba. A ƙafa muka zo Kara-Kara, lokacin ba komai a nan sai duwatsu da bukkokin waɗanda gari ya ƙi. Akwai wasu 'yan mishan da ke zuwa ba da magani, su ne na fara gani sun riƙe hannun Inna ba su goge nasu ba daga baya. A wurinsu ta ji labarin Almasihu, ta ba da gaskiya, aka yi mana baftisma rana ɗaya, ni na zama Saratu. Su suka koya mini karatu, su suka sa ni a hanyar aikin ungozoma da na yi shekara talatin ina yi a matanite, asibitin haihuwa. Maganin ya tsayar da cutar amma bai dawo da yatsu ba. Ni nake ɗaura wa Inna zane, ni nake ba ta tuwo a baki. Duk wannan, ban taɓa jin ta zagi Fanna ba. In na tayar da maganar sai ta ce, "Bar ta, ni na goya ta." Wannan kalma tana ƙona mini rai. Inna ta yafe, ni kuwa na ɗauki fushin da ta yar na adana shi, ina ganin haƙƙinta nake riƙe mata.

A shekarar da nake ba ku labari, babanku Ayuba bai daɗe da rasuwa ba, na kuma ajiye aiki. Kai Bulus kana koyarwa a lakwal, kana nan gida da matarka Rifkatu da yaranku, gidan cike da hayaniya. Hannatu tana Maraɗi a gidan mijinta, Istifanus yana Yamai. Wata safiya wata mata mai sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Zango, sunanta Tabawa, ta yi sallama.

"Ke ce 'yar Kande ta gidan mai fatu?"

"Ni ce."

"Hajiya Fanna tana kiranki. Tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Ta ce, a kira mini Talatu, ai tamu ce."

Dariya na yi, irin wadda ba daɗi a cikinta. Kwana uku ban je ba. A na huɗu na ɗauko atamfata mafi kyau na ɗaura, na sa takalmin zuwa majami'a, na hau kabu-kabu. Zan gaya muku gaskiya, don ban rubuta wannan don in wanke kaina ba: ba tausayi ya kai ni ba. Shekara hamsin da wani abu ina shirya maganar da zan gaya wa matar nan. Na je ne in tsaya a kanta da yatsuna goma, ta gan ni, in karanta mata laifinta, in juyo.

Ba a Birni na same ta ba. 'Ya'yan da ta haifa duk sun mutu da ƙuruciya, mijinta ya rasu, gidan uban kuma damina ta rushe rabinsa, magada suka sayar da sauran. Ɗan ƙanenta, Alhaji Mamman, mai shagon kayan babur a Zango, shi ya ajiye ta a wani ɗakin ajiya bayan shagon. Na shiga na tarar da ita a kan tabarma tsakanin tsofaffin tayoyi, ta ƙanƙance kamar yarinya. Wari ya tare ni tun daga ƙofa. An ajiye mata kwanon fura, amma a gefen hannun da ya mutu aka ajiye shi, ƙudaje ne kawai ke sha. Ta ɗago ido ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba ta gaishe ni ba.

"Talatu, kin daɗe. Juya ni, bayana yana ciwo."

Na buɗe baki in fara maganata. Amma hannun da ya saba da jikin mace mai ciwo bai jira bakina ba. Kafin in ankara na durƙusa a cikin atamfar tawa na juya ta. A kwatangwalonta na hagu akwai gyambo, faɗinsa ya kai tafin hannu. Na san abin da nake gani: in aka bar ta haka, ba za ta kai wata biyu ba. Na nemi ruwa na wanke ta, na ba ta furar, na fito ban karanta mata laifin ba. Washegari na koma. Haka na yi ta zuwa mako guda, kullum ina ce wa raina yau zan faɗa mata. Alhaji Mamman ba mugu ba ne, mutum ne da nauyi ya yi wa yawa. Ya ce mini, "Wallahi Malama, matan gidana sun gaji. In kina iyawa, ki ɗauke ta." Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Da yamma na gaya maka zan kawo ta gida, Bulus, kana wanke babur ɗinka a tsakar gida. Ka ajiye tsumman.

"Mama, matar da ta kori Kaka? A ɗakin Baba za ki kwantar da ita?"

"Ba ta da kowa."

"Kaka ma ba ta da kowa ranar da aka tura mata ƙwarya da kara. Ke kika ba ni labarin. Ki biya wata ta yi mata jinya a can, ni zan taimaka. Amma ba za ta zo ta kira ki baiwa a gaban 'ya'yana ba. In ta shigo, ni zan fita."

"Gidana ne," na ce maka. "Kai ma nawa ne, ni na haife ka. Ba inda za ka."

Ranar da taksi ya kawo Hajiya, a ranar kuka kama haya kusa da lakwal. Rifkatu ta durƙusa ta yi mini sallama tana kuka. Da magariba ta yi na zauna a tsakar gida, ba ƙarar kwano, ba faɗan yara, sai muryar tsohuwa daga ɗakin babanku tana cewa, "Talatu! Sauro!"

Kun san halin ruwa a garin nan. Wani lokaci famfon unguwa ya yi kwana huɗu bai ɗiga ba, ga mai jinyar da sai an wanke ta sau uku a yini, an wanke zannuwanta. Nakan bi 'yan ga-ruwa har bakin titi ina roƙo su fara da gidana. Nakan juya ta da safe, da hantsi, da azahar, da la'asar, in goge gyambon, in sa magani. In lokacin salla ya yi in kawo mata ruwa in taimaka mata da alwala, in juya fuskarta gabas, in fita in ba ta wuri. Ba ta taɓa cewa sannu ba. Sai dai ta ce kunun ya yi ruwa, tuwon ya yi tauri, Kande ta fi ki hannu. In wani ya shigo gaishe ta sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ta gidanmu ce."

Da farko matan zumuntar majami'a sun zo, suka zauna a bakin ƙofarta suka yi waƙa. Hajiya ta juya fuska bango. Da za su tafi ɗaya daga cikinsu, ƙawata ce tun muna 'yan mata, ta ja ni gefe ta ce, "Ki yi mata wa'azi, Saratu. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ki mayar wa danginta abinsu." Na ce ba zan tsare mace a kan gadon ciwo da kwanon kunu a hannuna ba. Daga nan zuwansu ya ragu. Maƙwabta kuma, waɗanda na karɓi haihuwar 'ya'yansu da hannuna, suka fara raɗa cewa na ɗauko tsohuwa ne don in sa ta Kirista kafin ta mutu. Gaisuwa ta gajarce. Ranar Lahadi nakan zauna a bencin baya, in fita kafin addu'ar rufewa don lokacin juya ta ya yi. Kai Bulus kana gaba kana jan waƙa. In mun haɗu a ƙofa ka rusuna ka gaishe ni yadda ya kamata, ka tambayi lafiyata, ka wuce. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama shi kaɗai haka a unguwar da ya girma ba.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan ba ƙauna ba ce, ko da yake haka nake kiran sa a cikin addu'a. Jira nake. Kowace safiya ina shiga ɗakin ina cewa, yau za ta ce, Talatu, na cuci uwarki, ki gafarta mini. Har na shirya yadda zan amsa. Da na gaji da jira, wata rana ina taje mata kai na tambaye ta.

"Hajiya, kin tuna ranar da Inna ta bar gidanku?"

"Na tuna mana. Ta sace mana ke." Sannan ta ce, "Wata guda na yi ina kuka. Ba wanda ya iya dama mini fura kamar Kande."

Na ajiye matajin na fita. Na zauna a gindin itacen bedi na ƙofar gida tun hantsi. Ina jin ta tana kira, Talatu, Talatu, ban motsa ba. Muryar ta yi ƙarfi, ta dawo ta yi rauni, ta daina. Sai bayan la'asar na shiga. Na same ta jiƙe sharkaf, tana rawar sanyi cikin zafin nan, leɓenta ya bushe, gyambon da na yi wata huɗu ina rufewa ya buɗe yana jini. Ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi da ido irin na wanda ya san ba shi da wurin zuwa. Na san wannan kallon. A fuskar Inna na fara ganin sa.

Washegari na je wurin fastonmu na lokacin, dattijo ne mai ƙarancin magana, Allah ya riga ya kira shi. Na faɗa masa duka, har abin da na yi jiya. Ya saurara yana murza hularsa.

"Me kike jira ta ba ki, Mama Saratu?"

"Ta yarda ta yi laifi."

"In ta mutu ba ta yarda ba fa?"



"To ba jinya kike yi ba, ciniki kike yi," in ji shi. "Ban ce dole ki ci gaba ba. In kin mayar da ita, ba mai ganin laifinki, ni ma ba zan gani ba. Amma ki zaɓi ɗaya. Ba za ki zama mai jinyarta ki kuma zama alƙalinta ba."

A hanyar dawowa ban hau komai ba, na taka a ƙafa ina tunani. Na yi shekaru ina gaya wa mata a zumunta cewa Almasihu bai jira mun gyaru kafin ya ƙaunace mu ba. Ashe a baki kawai na san shi. Ni na sa wa tawa ƙaunar farashi, na ce sai an durƙusa mini. Na ɗauko matar nan daga cikin tayoyi, amma so nake in mallaki tubanta, in riƙe shi a hannu in kai kabarin Inna. Ban ce abin da ta yi daidai ne ba, ku ji ni da kyau. Zalunci ne, kuma Allah ya gani. Sai dai shi ne ya san abin da aka zuba mata a kunne tun tana bayan Inna, shi ne ya san iyakar abin da idonta ke iya gani. Ni ban sani ba. Ranar da na hau kujerar shari'a na yini ɗaya, kun ji irin hukuncin da na yanke wa tsohuwar da ba ta iya ɗaga kofi. A wannan tafiyar ne kuma, Bulus, maganar da na gaya maka ta dawo mini, kai nawa ne, ba inda za ka. Na tsaya cak a bakin hanya. Muryar Fanna ce ta fito daga bakina ranar nan. Allah ne ya ba ni amanarka, bai sayar mini da kai ba. Ka gafarta mini wannan. Tuntuni ya kamata in faɗa maka.

Na koma na ci gaba da jinya. Ba zan ce zuciyata ta yi fari fat ba, amma na daina shiga ɗakin da kunne a buɗe. Ina wanke ta ne don tana bukatar wanka.

Wajen ƙarshen damina jikinta ya ƙara rauni. Wata safiya ta ce in kira mata limamin unguwa, da Alhaji Mamman, da Tabawa. Na ɗauka wasiyya za ta yi, ko da yake ban san me ya rage mata da za ta bar wa wani ba. Suka zo bayan azahar. Na tayar da ita na jingina ta da matashi, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ta yi gyaran murya, bakin ya karkace amma maganar ta fito sarai.

"Ku shaida. Talatu 'yar Kande gadona ce daga gidan ubana. Ba ni da gida, ba ni da zinariya, ita kaɗai ta rage mini. Yau na 'yanta ta saboda Allah, ita da 'ya'yanta. Ba mai iko da ita."

Alhaji Mamman ya rufe fuska da hannu. Liman ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Hajiya, ai wannan zamani ya daɗe da wucewa."

"Ba da kai nake ba, Malam. Shaida na ce ka yi."

Duk suka juyo suna kallona. Maganar shekara hamsin ta zo kan harshena gaba ɗaya: wa ya ba ki ni da za ki sake ni? A gidana kike kwance, tuwona kike ci. Ba ki taɓa mallakar ko farcena ba, ba ki mallaki uwata ba, Allah kaɗai ke da mu. Gaskiya ce duka, kuma ina da shaidu uku. Sai na dubi hannunta mai aiki, yana kan zane. Ta dube ni ta ce, da wata ƙaramar murya da ban taɓa ji daga gare ta ba:

"Yanzu sai ki sa Mamman ya mayar da ni."

A nan na gane. Duk watannin nan, a tunaninta, abu ɗaya ne ya sa nake wanke ta: ni baiwarta ce, dole ce ta kawo ni. Ba ta san wata igiya da ke ɗaure mutum da mutum haka ba. Kuma wannan igiyar, wadda ita kaɗai ta hana ta komawa cikin tayoyi, ita ta tsinke yanzu da hannunta, tana sane. Abin da ta ba ni ba nata ba ne. Amma abin da ya ci mata, nata ne, kuma shi ne dukan abin da take da shi.

"Na gode, Hajiya," na ce. "Ba inda za ki. Bari in ɗora kunu."

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Washegari ka zo, Bulus, karo na farko tun fitarka. Ba ka shigo ba, a bakin ƙofa ka tsaya, ko injin babur ba ka kashe ba.

"Mama, an ce kin gode."

"Na gode."

"A gaban liman, a gaban shaidu. Kin sa hannu ke nan. Kin yarda Kaka baiwa ce, kin yarda ni da 'ya'yana sai jiya muka zama mutane."

Kafin in yi maka bayani ka juya ka tafi. Hannatu ta kira ni ta salula tana kuka, ta ce ko a Maraɗi an ji. Istifanus ko kira bai yi ba.

Hajiya ta ƙara wata biyu a duniya. Ba ta nemi gafara ba, kada wani ya ƙara wa labarin abin da babu. Abin da ya canza kaɗan ne: in za ta nemi ruwa sai ta yi jim, sannan ta ce "don Allah," kamar mai koyon wani harshe. Wata rana ina shafa mata man kaɗe a ƙafa ta tambaye ni.

"Na sake ki. Me ya sa ba ki mayar da ni ba?"

"Wanda nake bi bai mayar da ni ba, Hajiya."

Ta dubi rufin ɗaki. "Hm. Kande ma haka take da taurin kai."

Ta rasu wata Alhamis da hantsi, kanta a kan cinyata, liman yana bakin ƙofa yana laƙƙana mata kalmar shahada, don tun da na ga numfashin ya canza na aika aka kira shi. Kafin azahar mata uku suka zo daga Birni don yi mata wanka, dangi ne na nesa da ban taɓa gani ba. Babbarsu ta dube ni a ƙofar ɗaki.

"Baiwar Allah, ke mece ce tata?"

Ni ba 'ya ba, ba 'yar'uwa ba, addininmu ba ɗaya ba. Na ce, "Ni ce mai jinyarta." Ta ce in yi haƙuri in jira a waje. Ban ji haushinta ba, hanyarsu ce, kuma Hajiya da kanta haka za ta so. Na dafa musu ruwa na miƙa ta ƙofa. Na ce su bi kwatangwalon hagu a hankali, fatar wurin sabuwa ce. Na zauna a kan turmi ina jin ƙarar ruwa a jikin da na yi kusan shekara ina wankewa. Maza suka ɗauke ta, aka yi zaman makoki a Zango gidan Alhaji Mamman. A nan gidan ba a shimfiɗa tabarma ba, don ba wanda ya san ko ni abin yi wa ta'aziyya ce. Kwana uku ba wanda ya shigo. A na ukun liman yana dawowa daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ce, "Malama Saratu, an yi miki rashi. Allah ya ba ki haƙuri." Sai a lokacin na yi kuka.

Ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba. Mai yiwuwa Bulus ne mai gaskiya, mai yiwuwa akwai kalmar da ta fi "na gode" wadda da na nema da na samu, wadda ba za ta taɓa mutuncin kakarku ba, ba kuma za ta karya tsohuwa a gaban mutane ba. Na neme ta shekaru ban same ta ba. Allah zai auna ni da ita duka, kuma na fi yarda da ma'auninsa fiye da nawa. Ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba, ba abin da zai ragu daga wurinku a zuciyata, kuma ba sai kun zo kun ce komai ba.

Yanzu ƙafa ba ta kai ni nesa. Na fi zama a tsakar gida da la'asar, lokacin da ake tashi daga lakwal. Babura da yawa suna wucewa ta layinmu, amma ina gane ƙarar naka, Bulus. Ba hanyar gidanka ba ce, na sani. Tun bara na lura kana rage gudu in ka zo daidai ƙofa.